Ina Kwalinsa, Yaya?

Jiya da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, Barira mai ɗinki ta kifa kai a kan kekenta, barci ya sace ta, ta yi wani mafarki. Amma bari a fara da abin da ta kwanta da shi a rai, in ba haka ba sai a ce matar nan ta zautu.

Barira dai jikinta ba ya shiri da kashu da almon da danginsu, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo da ake cusawa a biskit da cakulan da alawa. Kuma ba zancen ɗan ƙaiƙayi ko borin jini ake yi ba. Da ɓurɓushi ya taɓa harshenta sai leɓe ya haye, maƙogwaro ya rufe, numfashi ya koma kamar ana zura shi ta kafar allura. Sau biyu ana kwasarta ranga-ranga zuwa asibiti. A na biyun ne likita ya kafa mata doka: duk abin da ya fito daga leda ko kwali, kada ya kusanci bakinta sai ta karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Ya rubuta mata sunayen abokan gabar tata a ɗan kati, da Turanci da Larabci. Shekara shida ke nan tana yawo da katin nan da wani tabarau da ta ɗaure wa ƙafa da zare.

Abin haushin shi ne gyaɗa ba ta yi mata komai. Ƙuli-ƙuli kam har a gwangwanin maɓallai take ɓoye shi. Shi ya sa dangi ba su taɓa yarda ba. Wai mai gurzar ƙuli ce za ta ce kashu zai kashe ta? Iyayi ne kawai, in ji su.

To, kwana tara da suka wuce yayarta Atine ta dawo daga Umra. Atine kuwa ba yaya ba ce kawai, ita ta goye Barira tun ranar da aka binne mahaifiyarsu. Aka yi yadda aka saba: aka farke kwalayen tsaraba, aka juye dabino mai ciko da alawa da cakulan a ƙaton faranti, aka cakuɗa, aka ƙulla wa kowa nasa a farar leda don kada wata ta ce an fifita wata. Atine ta tsinto manya-manyan da hannunta ta ƙulla ta miƙa wa ƙanwarta. Ita kuwa baiwar Allah, a gaban mata sun fi ashirin, ta buɗe baki ta ce, “Yaya, ina kwalinsa?”

Atine ta ce, “Wato daga Makka na ɗauko miki guba. Kwali yana bola, je ki tono.”

Tun ranar ba waya, ba aike, ba kwanon tuwon Juma'a. Ƙullin yana nan bisa keken ɗinki, ta kasa ci, ta kasa bayarwa. Shi take kallo har idonta ya rufe.

Sai ga ta a ƙofar wani gari, ƙullin a hannunta. Garin ba laifi, sai dai ranarsu a ƙasa take, tana mirginawa a gefen titi, mutane na tsallake ta suna tattare riga. A garin nan abinci ba shi da rubutu ko ɗigo. Mutane ne ke da shi, kowa a gadon baya, layi-layi tun daga wuya har ƙugu. In biyu suka haɗu ba a gaisawa. Wannan ya juya a karanta shi, wancan ya juya a karanta shi, kowa ya kama gabansa.

Wani dattijo mai keke ya tsaya ya ba ta baya. Ta sa tabarau ta karanta: ruwa, koko, tsegumi, ɗan tsoron Allah, a ajiye a inuwa. Ta ce madalla, ita ma ta juya masa.

“Naki ya yi ƙanana,” in ji dattijon. “Wa ke da wannan lokacin?” Ya hau kekensa ya tafi da baya da baya.

Mutum bakwai ta juya wa baya a titin nan, ba wanda ya tsaya ya karanta ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi mamakin kanta.

Ba ta san ta yi tafiya ba sai ta gan ta a tsakiyar kasuwa. Biskit tsirara tsibi-tsibi a kan buhu, cakulan a ƙwarya ana aunawa da ludayi. Can gefe mata sun duƙa a bakin rijiya suna wanke ledoji da kwalaye da sabulu, suna shanya su a igiya fari fat. Rubutun da suka wanke yana gangarawa ta kwata, kaji na bi suna tsattsagar haruffa.

“Bayin Allah, don me kuke wanke shi?” in ji Barira.

Ɗaya ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. “Rubutu a jikin abinci ai rashin yarda ne. Ke ba a yi miki tarbiyya ba?”

Barira ta haɗiye wannan maganar, don ta saba haɗiye irinta. Ta matsa wurin wani mai tireda ta miƙa masa ƙullin. “Malam, me ke cikin wannan?”

Ya kai shi kunne ya girgiza. “Daɗi.”

“Ban da daɗi fa?”

“Ki ci mu gani mana. In kin zube, to akwai. In ba ki zube ba, to babu. Haka muke gwadawa a nan, kuma ba mu taɓa yin kuskure ba.”

“Kwalinsa nake nema.”

“Au, sai Ofishin Kwalaye. Ki bi hagu har ki gaji, sannan ki zauna. Zai zo ya same ki.”

Ta bi hagu har ta gaji, ta zauna a kan wani turmi. Ofishin kuwa ya zo, da barandarsa da bencinsa da fanka mai kuka, ya tsaya a kanta. Bayan tebur wani bunsuru ne zaune, da hula a karkace da biro a bayan kunne. Gefensa wata akuya ce riƙe da hatimi. Kantocin bango kuwa wayam, ko takardar tsire babu.

“Duk kwalin da aka yar a duniya nan ake kawo shi,” in ji bunsurun, tun kafin ta yi magana.

“To ina suke, ranka ya daɗe?”

Ya shafa cikinsa. “A ajiye. Ba mu taɓa ɓatar da fayil ba.”

Ta yi masa kwatance: dabino mai ciko, daga Makka, yau kwana tara. Ya ce ta jira ya yi tuƙa. Ya lumshe ido, wani abu ya hau ta wuyansa, haɓa ta shiga juyawa. Can ya buɗe baki ya ce, “Dabino.” Akuya ta buga hatimi a kan tebur. Aka daɗe, fanka na kuka. “Sukari.” Hatimi. Aka sake daɗewa har ƙafar Barira ta yi tsami. “Man…”

“Man me?” in ji Barira.

“Man shanu. Kada ki katse ma'aikaci.” Ya sake lumshe ido. “Akwai kuma wani abu mai ɓawo ko maras ɓawo, yana tafe, yana nan daidai ƙirji.”

Sai agogon bango ya yi atishawa. Bunsuru ya haɗiye abin da ya taso, ya cire biro daga kunne ya sa a aljihu.

“An tashi. Ki dawo jiya.”

“Don girman Allah, kalma ɗaya ta rage! Numfashina ne fa!”

“Kowa haka yake cewa. Me ke hannunki?”

Katin likita ne. Ya ce ta kawo a sa a fayil. Ta miƙa, shi kuwa ya lamushe shi a gabanta, ya yi gyatsa, akuya ta buga hatimi. Ofishin ya tattara barandarsa ya yi gaba, ya bar ta a kan turmi.

Yanzu kuma a cikin adaidaita take, wadda ke tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, ba direba. Fasinja ɗaya ce tare da ita, wata bishiyar kashu da ta yafa mayafi ruwan toka ta naɗe saiwoyinta a ƙarƙashin kujera. Barira ta manne da ƙarfen gefe, ta ja mayafinta ta toshe hanci.

“Barira, ba gaisuwa?” in ji bishiyar. Muryarta a sanyaye, irin ta mutanen kirki.

“Kin san ni?”

“Haba dai. Ina cikin biskit ɗin da kika ture a sunan ɗan Larai. Ina cikin cakulan ɗin da maƙwabciyarki ta kawo miki da Salla, kika ce kina azumi. Wani wurin ma ba a sa ni ba, wucewa kawai na yi ta cikin injin, na bar ƙura.”

“Me na yi miki?”

“Ba komai, wallahi. Ni ba na ƙin ki. Dubi duk faɗin garin nan, wa ya zauna kusa da ke in ba ni ba?”

Barira ta leƙa waje. Gaskiya ne. Mutane biyu-biyu a bakin hanya suna karanta juna, wasu har da dariya. Ita kuwa tun da ta shigo garin ba wanda ya kira sunanta sai abin da zai kashe ta. Kuma abin kunyar, ta ji daɗin kiran.

“Nan za ki sauka,” in ji bishiyar. “Ni ma ina ciki, amma ta bayan gida zan shiga.”

Walima ake yi. An shimfiɗa faranti ɗaya tal, tsawonsa ya kai daga nan zuwa inda ido ya ƙare, dangi jere a gefe biyu, masu rai da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowa hannu a ciki. Ana ci ana hira ana miƙa wa juna. An ajiye wa Barira 'yar tabarmarta a cikin layi, ta zauna. Kai, ta yi kewar zama kafaɗa da kafaɗa da mutane! Ɗumin jikin ta kusa da ita kaɗai ya kusa sa ta kuka.

Aka turo mata wani abu mai sheƙi. Ta ce a hankali, “Me ke ciki?”

Tabarmar ta ja da baya taku ɗaya.

“Yi bismilla ki ci,” in ji wata.

“Na yi bismilla wancan karon ma, Inna. Me ke ciki?”

Tabarmar ta ƙara ja.

“Ɗan kaɗan ba ya komai.”

“Cutar 'yan boko ce, mu a zamaninmu babu ita.”

“Mu da muka ci mun mutu ne?” in ji wata gwaggonta da ta rasu shekara goma da suka wuce, tana suɗe yatsa.

Barira ta so ta yi shiru, Allah ya sani ta so. Amma tambayar nan shekara shida tana bakinta, ta riga ta san hanyar fita da kanta. Duk fitowarta sai tabarma ta ja. Tun tana jin hirarsu har ta koma jin ƙarar cokula kawai, tun tana gane fuskoki har farantin ya zama kamar maɓalli a can nesa. Layin ya haɗe inda ta tashi, ba wanda ya waiwayo. Ta zauna ita kaɗai a fili fetal da ƙulli a cinya, yunwa na cin ta, kaɗaici ya fi yunwar ciwo.

Tabarmar ba ta tsaya ba sai da ta bugi gindin wani tsauni. Da ta ɗaga kai sai ta ga ashe bola ce, ta tashi har ta tokare sama, toka da ɓawon albasa da tsofaffin takalma. A gindin bolar wata mata ce zaune ta ba ta baya. Ko a cikin mata dubu Barira ba za ta kasa gane bayan nan ba, don a kansa ta yi wayo.

“Yaya.”

Atine ba ta juyo ba.

Barira ta matso da gwiwa, ta gyara tabarau. Rubutun bayan Atine manya ne, irin na allon makaranta: zafin rai, tuwon dawa, ciwon gwiwa, kuka a ɓoye. Sai can ƙasa, daidai inda ake ɗaura zanen goyo, ga wani layi ƙanana-ƙanana, irin wanda ake ɓoyewa a gindin kwali. Ta kai ido kusa ta bi shi da yatsa: an haɗa ta a ɗaki ɗaya da Barira, ko an wanke ana iya samun ɓurɓushinta.

Nan kukan da ta riƙe kwana tara ya ƙwace mata. Ta juya ta ba Atine baya ita ma. “Yaya, karanta ni. Duk garin nan ba wanda ya karanta ni.”

“Kin san ban yi makaranta ba,” in ji Atine. “Ni hannu na sani. Hannun da ya ba ki koko kina jaririya shi ya ba ki wannan. In kin yarda da shi, ki ci.”

Barira ta dubi ƙullin. Ba kati, ba kwali, ba mai faɗa mata. Ta san abin da likita ya ce, ta san yadda silin ɗin asibiti yake in mutum na kallonsa yana neman iska. Amma ta gaji. Ta gaji da zama ita kaɗai da keke da rediyo, ta gaji da Juma'a ba kwano, ta gaji da zama matar da ke tambaya. Ta sa haƙori ta kwance ledar. Ta zaɓi dabinon da ya fi girma, mai sheƙi, an tsaga cikinsa an cusa wani abu an rufe. Ta yi bismilla ta kai baki.

Da farko zaƙi ne. Wayyo, zaƙi mai daɗi! Sai leɓe ya fara tsatstsafa kamar tururuwa na bi. Sai harshe ya yi nauyi. Sai ƙofar maƙogwaro ta fara rufewa a hankali, yadda ta saba, ba gaggawa. Barira ta buɗe baki ta kira Yaya, ba abin da ya fito. Ta sake kira, ko iska babu.

Atine kuwa har yanzu ba ta juyo ba. Amma ba a zaune take ba kuma. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta zura hannu biyu cikin bola tana tono, toka na tashi, tana jawo wani abu da ya maƙale, ƙarat, ƙarat, ƙarat.

Ƙarat, ƙarat.

Barira ta zabura, hannunta a wuya. Iska ta shiga, ta fita, ta sake shiga, ba abin da ya tare ta. Ga kekenta, ga rigar da ba ta gama kalmasa ba, ga katin likita a ƙarƙashin almakashi. Ƙullin yana inda yake, a ɗaure tamau. Ana kiran la'asar a masallacin unguwa.

Amma ƙarar ba ta tsaya ba. Daga ƙofa take zuwa. Wani ne ke turo kwali ta ƙarƙashin ƙyaure, an take shi ya baje, yana gogar siminti. Ya shigo, duk toka da jirwayen miya. Wani ya biyo shi. Na dabino, na alawa, na cakulan. Sai na fulas ɗin shayi. Sai na agogon kiran salla. Sai wani na maganin sauro, wanda ko hanyar Makka bai sani ba.

Daga waje aka yi tsaki, sannan murya ta biyo baya, tana haki.

“Ban san wanne ne ba, ga su nan duka. Sai ki karanta, uwar iyayi. In abin naki yana ciki ki miƙo min kayana. Ban goye ki don in binne ki ba.”

Barira ta durƙusa a kan kwalayen, suna warin bola. Ta lalubo tabarau ta sa, amma ko harafi ɗaya ba ta gani ba, gilashin ya jiƙe. A waje silifas suka fara ja, ƙafa ɗaya na jiran ɗaya, sun nufi zaure.

“Yaya, tsaya!”

Wannan karon muryar ta fito. Silifas suka tsaya.